Ma'adanar Kofi da Rigar Wasa: Wa Ke da Haƙƙin Ƙirƙira?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu yada zango a Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato, mu tattauna kan yadda ake adana kayan tarihin wasanni, da kuma haƙƙin wanda ya ƙirƙiro ma'adanarsu.

A watan Mayun 2022, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da rigar da Maradona ya saka ranar da Ajantina ta doke Ingila a gasar cin kofin duniya ta 1986. Kuɗinta fam miliyan 7.1. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya yi musayar riga da Maradona bayan an tashi wasa, daga baya ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Manchester. A watan Satumban 2022 kuma, rigar Michael Jordan ta 1998 ta kai dala miliyan 10.1.

Tufa ba ta kai wannan daraja sai da adana. Hasken rana yana kashe launi, ya ɓatar da tawadar sa hannu. Danshi yana kawo hunhuna. Ratayewa a ƙusa tana ɓata kafaɗar riga. Wannan ya sa a Amurka da Turai aka samu masu sana'ar ƙera akwatin gilashi mai tace hasken rana, da firam mai riƙe riga ba tare da an huda ta ba, da mariƙin ƙwallo mai juyawa don a ga sa hannu ta kowane gefe. Da yawansu sun yi wa dabarunsu rajista, don kada wani ya kwaikwaya ya ci riba a banza.

(GAJEREN KIƊA)

To mu dawo gida. A garuruwanmu, daga Dogon Daji har Kebbe, ana buga gasar ƙwallon unguwanni da ta makarantu, ana kokawa bayan kaka. Amma ina kofunan suke ƙarewa? Sau da yawa a kan kabad ɗin ofishin shugaban makaranta, ƙura ta lulluɓe su, babu rubutun shekara balle sunayen yaran da suka ciyo su. Sunan ɗan dambe Shago ya rayu ne albarkacin waƙar Ɗan Anace. Da a ce mun saba adana zaren da ɗan dambe ke naɗe hannu da shi, da warkin ɗan kokawa, da jikoki sun gani da idonsu, ba ji kawai ba.

Kuma matsalarmu daban take da ta Manchester. Mu muna fama da ƙurar hunturu mai shiga ta kowace kafa, da gara mai cinye katako, da zafin bazara mai saki gam. Kafinta ko mai aikin alminiyam da ya gano yadda za a rufe akwati ƙura ta kasa shiga, ko baduku da ya shimfiɗa jar fatar akuyar Sakkwato a ciki ta wani sabon salo, ya ƙirƙiro abin da kasuwa ke buƙata.

Kada wani ya ce zane ba ya ciyar da mutum, domin Dogon Daji tana da shaida. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu nan ne, an haife shi a 1966. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Ditroit ta Amurka ya koyi zanen mota. Ya shiga kamfanin General Motors, kuma shi ya jagoranci zana siffar samfurin motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta ƙasa, wato NADDC.

(GAJEREN KIƊA)

Me doka ta tanada? Najeriya tana da dokar kare ƙirƙira da zane tun 1970, kuma ta raba abin gida biyu. Idan sabuwar dabara ce ta yadda abu ke aiki, kamar makulli ko mariƙi, ana ba da takardar mallaka ta shekara 20, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Sharaɗi shi ne dabarar ta zama sabuwa, ta wuce abin da kowane gwani zai hango, kuma a iya ƙera ta. Idan kuwa siffa ce ko ado, ana yi mata rajistar shekara 5, a sabunta sau biyu, jimilla 15.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari. Hukumar NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardunsu.

Ga abubuwa uku na lura. Na ɗaya, wanda ya fara shigar da takarda shi doka ta sani. Kowa ya riga ka barci, zai riga ka tashi. Na biyu, idan ka baje abin a kasuwa ko ka ɗora hotonsa a Facebook kafin rajista, ka iya rasa haƙƙinka, don ya daina zama sabo. Na uku, abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi dominsa, galibi na ubangidansa ne. Saboda haka maigida da yaron shago su yi magana a fili tun kafin riba ta shigo.

Don haka malam kafinta, zana dabararka a takarda, ka sa kwanan wata, ka kama bakinka har ka nemi shawarar lauya ko hukuma. Ku kuma shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin wasa, ku rubuta shekara da sunaye a jikin kowane kofi tun masu tunawa suna raye.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.

(KIƊAN RUFE SHIRI)