Koko, Daji da Dokar Turai

Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, kuma gonaki da dama a can daji ne aka sare. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka: koko, kofi, manja, waken soya da naman shanu ba za su shiga kasuwarta ba in daga filin da aka sare bayan 2020 suka fito. Mai shigo da kayan sai ya nuna gonar a taswira.

Babban kamfani ba zai ji a jikinsa ba. Abin ji shi ne ƙaramin manomin da ke shanya koko a tabarma, ko takardar fili ba shi da ita. A ƙarshen 2024 aka ɗage fara aiki da dokar.