Boris: Ɗan Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Ɗauke Da Motar Kaya

Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, ba ta rabo da motocin kaya. Wata ta sha lodin albasa, wata gero da dawa, wata kuma awaki da tumaki za a kai kasuwa. Da yawansu Toyota Hiace ne ko Hilux, motocin da iyalai masu yawa ke cin abinci da su. Amma ko kun san cewa nauyin bayan irin wannan mota yana zaune ne a kan wasu ƙarafa biyu da kowannensu bai wuce tafin hannu ba? Makanikai na kiran wannan ƙarfe boris. A wannan makon za mu leƙa gareji mu ga aikinsa, abin da ke kashe shi, da yadda ake sauya shi.

Mene ne boris?

Boris zobe biyu ne na ƙarfe mai tauri, ƙarami a cikin babba, a tsakaninsu kuma an jera ƙwallayen ƙarfe masu santsi. A bayan mota akwai wani dogon bututun ƙarfe da ya haɗa tayoyin biyu, shi ne aksil. Cikinsa akwai sanda biyu da ake kira shaf, ɗaya na juya tayar dama, ɗaya na hagu. Zoben ciki na boris yana manne da shaf yana juyawa tare da shi, zoben waje kuma yana zaune daram a bakin bututun. Ƙwallayen ne ke birgima a tsakani.

Wanda ya taɓa jan buhun hatsi a ƙasa, daga baya ya ɗora shi a baro, ya san bambancin. Abin da ake ja yana gogar ƙasa, abin da ke birgima kuwa gogayyarsa kaɗan ce. Darasin gogayya da kuke yi a ajin kimiyya ke nan, ga shi a ƙarƙashin mota.

Dabarar ta daɗe. A 1794 wani maƙeri a Birtaniya, Philip Vaughan, ya yi rajistar boris mai ƙwallaye don kekunan doki. A 1898 Henry Timken na Amurka ya yi rajistar wani nau'i mai 'yan sanduna masu tsukakken kai, wanda ya fi jure nauyi. A 1907 kuma Sven Wingquist ya kafa kamfanin SKF a ƙasar Suwidin. Har yau sunayen Timken da SKF na kan kwalayen boris, tare da na Japan irin su Koyo da NSK da NTN.

Mu ɗan yi lissafi

Tsayin tayar irin wannan mota kusan santimita 70 ne. Ku ninka da 22/7, za ku sami santimita 220, wato mita 2.2 a kowane juyi ɗaya. Ke nan a kilomita guda taya na juyawa kusan sau 450. Idan direba na gudun kilomita 80 a awa, juyin ya kai wajen 36,000 a awa ɗaya, wato sau goma a kowace daƙiƙa. Duk wannan juyi boris ke yi, ga lodi a kansa, ga zafin bazarar Sakkwato da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Abin da ke kashe shi

Na farko shi ne lodi fiye da kima. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka rubuta, amma tsadar mai kan sa direba ya ƙara buhu a kan buhu don sawu ɗaya ya biya. Idan irin wannan mota ta faɗa rami, ƙwallayen kan dannu cikin zoben su bar ɗan gurbi, daga nan lalacewa ta fara.

Na biyu ruwa da ƙura. Motar da ke shiga ƙauyuka da fadamu a damina tana ratsa ruwa da laka, a hunturu kuma ƙura. Akwai wata roba mai suna sil da ke tare datti daga waje, ta kuma hana man aksil fita. Idan ta tsufa ta bushe, ruwa da yashi su shiga, giris ya wanke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Akwai kuma wata 'yar kafar iska a saman aksil da mutane da yawa ba su kula da ita ba. Idan laka ta toshe ta, iskar ciki ta yi zafi ta rasa mafita, sai ta tura mai ta cikin sil.

Yadda ake gane ya mutu

Boris ba ya mutuwa bai yi magana ba. Alamar farko wani gurnani ne daga baya, wanda ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru. Gogaggen makanike yana rarrabe shi da sauran ƙara: idan ƙarar na sauyawa lokacin da aka taka totur ko aka sake shi, an fi zargin giyoyin tsakiyar aksil, idan kuwa tana sauyawa lokacin da mota ta sha kwana, an fi zargin boris. Sauran alamun su ne tsakiyar taya ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi bayan tafiya, ko mai ya jiƙa cikin taya, ko taya ta riƙa motsi idan aka ɗaga mota aka girgiza ta.

Direban da ya ji gurnanin ya ƙara sautin rediyo yana wasa da rai. Man da ya zubo zai jiƙa lainin birki, birkin wannan gefe ya daina kamawa. Idan boris ya farfashe gaba ɗaya, shaf na iya zarewa ya fita da taya ana cikin gudu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ke tsare motocin da suka yi lodi fiye da kima.

Yadda ake sauya shi

Makanike na fara aikin ne da tsare ransa. Zai sa waigi a tayoyin gaba, ya ɗaga mota da jak, sannan ya ɗora ta a kan matokarar ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai ya cire taya da kwanon birki. Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da baki, domin tana illa ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta.

Daga nan ya kwance bututun man birki da wayar birkin hannu, ya kwance notuna huɗu da ke bayan farantin birki, ya zaro shaf. A kansa boris yake, a bayan boris kuma akwai wani zoben ƙarfe mai kauri da ke kulle shi. Wannan zobe ba ya fita da lallami, sai an ci gefensa da injin wasa ƙarfe an tsaga shi, amma da kula kada a yi wa shaf rauni. Shi kuma boris da injin matsa ake fitar da shi.

Wajen saka sabo ne ake gane gwani. Dole matsin ya sauka a kan zoben ciki kaɗai. Wanda ya ɗauki guduma ya daki zoben waje ya raunata ƙwallayen tun motar ba ta motsa ba. Sabon zoben kullewa kuma wasu kan ɗumama shi a cikin mai mai zafi, domin ƙarfe na buɗewa idan ya ji zafi, ya shiga cikin sauƙi, idan ya huce ya kama shaf gam. Tsohon zobe da tsohuwar sil ba a mayar da su.

Bayan an mayar da shaf a hankali don kada ya yaga sabuwar sil, sai a ɗaure notuna daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Saura abu uku da mai gaggawa kan manta: fitar da iska daga man birki, cika man aksil har ya kawo bakin kafarsa, da buɗe 'yar kafar iskar nan idan ta toshe. Sai a fita gwaji a saurara.

Araha ba ta ado

Jabun boris sun cika kasuwa, a kwalaye masu kama da na asali. Mai mota zai ga ya rage kuɗi, amma idan ya mutu a hanya da lodin albasa ko dabbobi cikin rana, asarar ta ninka abin da ya rage. Shi ya sa masu hankali ke saye a wurin dillalin da suka sani, kuma su sa a duba ɗaya gefen tunda tare suka sha wahala.

Ga mai sha'awar sana'ar

Yaron gareji da ya iya karatu da lissafi yana da fifiko, domin littattafan gyara da ma'aunai duk lambobi ne. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawar sana'o'i har da gyaran mota, kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato kuma na koyar da aikin injiniya. Ɗalibi ko ɗalibar da ke son gwadawa na iya neman izinin iyaye a lokacin hutu, a je garejin unguwa a ga aikin da ido. Kafin nan, ga aikin gida: ku auna tsayin tayar keke ko babur ɗin gidanku, ku lissafa sau nawa take juyawa daga gida zuwa makaranta, ku kai wa malamin lissafi ya duba.