Ƙwaƙwalwar jariri tana fara ginuwa tun kafin a san da cikin

A Yagwa, kamar sauran garuruwanmu, mace ba ta cika zuwa awo ba sai ciki ya fito. Ga kunya, ga kuma maigida na kan hanya tsakanin Garwa, Marwa da Bongor. Sai dai kafin lokacin, babban aiki ya riga ya wuce.

A mako na uku bayan shigar ciki, wasu ƙwayoyin halitta suna jeruwa a bayan ɗan tayi kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Sai gefunan biyu su ɗago, su naɗe, su haɗe su zama bututu. Haɗewar tana farawa daga tsakiya, ta bi sama da ƙasa, ta kammala wajen kwana na 28. Saman bututun ne ke zama ƙwaƙwalwa, ƙasan kuma ya zama laka.

A kwanakin nan ƙwayoyin suna rabuwa da sauri, kuma kafin kowace ta rabu sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta. Kwafin yana buƙatar sinadarin folik asid. Idan ya yi ƙaranci, bututun na iya ƙin rufewa. In daga sama ne, jaririn ba ya rayuwa. In daga ƙasa ne, a haife shi da ƙullutu a gadon baya, sau da yawa da shanyewar ƙafafu da taruwar ruwa a kai. Ba aikin iska ba ne, ba laifin uwa ba ne.

Binciken da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna folik asid yana rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 70 cikin 100. Tun 2011 Kamaru ta wajabta zuba shi a fulawa. To amma tuwon dawa da shinkafar SEMRY da ake ci kullum a bakin Logon ba sa cikin tsarin.

Zogale, wake, gyaɗa da kuɓewa suna taimakawa, in ba a dafe su sun yi lugub ba. Amma abin da likitoci ke cewa shi ne ƙwaya mai maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga. Mai farfaɗiya, mai ciwon suga, da wadda ta taɓa haihuwar irin wannan jariri, su fara ganin likita.

Maigida, kafin ka ɗaure kaya, ka bar wa uwargida ƙwayar nan tare da kuɗin cefane.