MAN ARAHA DA MOTAR SHANU: JAN KUNNE GA 'YAN'UWA FATAKE

A wannan fitowa za mu taɓo wata magana wadda da yawa daga cikinmu ke ɗauka ta direbobi ce su kaɗai, wato maganar man da ake zuba wa motar da ta ɗauko mana shanu. Bafatake yakan yi cinikin mota, ya biya rabin kuɗi, ya ƙirga dabbobinsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai tambayi inda direba zai sha mai ba, balle ya leƙa duro biyu ko uku da aka ɗaure a bayan kan mota. Alhali ranar da hukuma ta tsare motar saboda man nan, direba zai sami inuwa ya zauna, mai mota yana gida, shanu kuwa suna tsaye a rana, kuma shanun namu ne.

Inda abin ya samo asali

A ƙasashen Turawa gwamnati kan sayar da gazuwal, wato man gas, a kan haraji iri biyu. Na manyan motocin da ke bin titi harajinsa cikakke ne, domin da shi ake gyaran hanya. Na tarakta da injin ban-ruwa da sauran kayan gona an sauƙaƙa masa haraji. Man ɗaya ne, aikinsa a inji ɗaya ne. To, don a bambanta su sai aka riƙa zuba wa mai arahar launi.

Ingila ta fara rina nata ja tun 1961. A 2022 harajin lita ɗaya na man titi ya kusa kwabo 53 na fam, na jan mai kuwa kwabo 10 da ɗoriya. Ma'aikatan kwastan na can sukan tsayar da mota a bakin hanya, su zura siririn bututu a tanki su zuƙo kaɗan su duba. In suka ga ja, suna da ikon kame motar nan take, su ci tarar fam 250, sa'an nan su bi mutum bashin harajin da ya kauce wa a baya. A watan Afrilu na 2022 ma aka ƙara tsuke dokar, aka hana masu gine-gine amfani da shi, aka bar wa manoma da wasu 'yan tsiraru.

A Amurka tun 1994 ake wannan aiki. Tarar ita ce dala 1,000, ko kuwa dala 10 a kan kowane galan, duk wadda ta fi yawa ita za a biya. Ke nan motar da aka samu da galan 150 a tanki, dala 1,500 ta hau kanta. Wanda aka sake kamawa a ƙara masa. Wanda ya hana a duba tankinsa shi ma dala 1,000 ce. Makiyayi na iya zuba jan mai a taraktarsa yana aiki cikin gona, amma tirelar da za ta hau titi ta kai shanu kara ba ta da wannan dama.

Faransa ma tana da nata jan man, na injinan da ba sa bin titi. A ƙasar Ailan kore ne. Labarin iyakar Ailan da Ingila kuwa kamar a nan gida aka yi shi: 'yan fasa-ƙwauri suka koyi wanke launin da sinadarai su sayar da man a matsayin fari, su zubar da dattin a bakin hanya. Da gwamnatocin biyu suka gaji, sai a 2015 suka shigo da wata sabuwar alama wadda ido ba ya gani, kuma wanki ba ya fitar da ita cikin sauƙi.

Me ya haɗa mu da wannan?

Wani zai ce, to mu da ke Kilomita Biyar a Bangi, ina ruwanmu da jan man Ingila? Abin da ya haɗa mu shi ne, duk inda aka sami mai ɗaya da farashi biyu, za a sami mai karkatar da shi, za a kuma sami hukumar da ke farautarsa. Mu kuwa farashi biyu bai taɓa ƙare mana ba.

Ƙasar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, ba ta da matatar mai. Hanya biyu mai ke shigowa. Ta farko kogin Ubangi, inda jiragen ruwa ke hauro da shi daga wajen Kinshasa zuwa ma'ajiyar Kolongo a watannin da ruwa ya cika. Ta biyu titin Duwala, ta Garwa-Bulai da Beloko da Buwar, tafiyar kilomita wajen 1,400. Kogi ya janye da rani, ko hanya ta toshe kamar yadda aka gani daga Disamban 2020 zuwa farkon 2021, sai gidajen mai su bushe. Kowa ya tuna dogayen layukan 2022. A watan Janairu na 2023 gwamnati ta ɗaga farashin gazuwal daga sefa 855 zuwa 1,450 a lita. A Kamaru kuwa, ko bayan ƙarin da aka yi a Fabrairun 2023, lita ta tsaya a sefa 720, sai a 2024 ta koma 828. Wato a farkon 2023 man Bangi ya ninka na tsallaken iyaka. Wa zai yi mamaki in jarkoki suka cika bakin titi?

Man da ke zuwa ta bayan fage iri uku ne. Akwai wanda aka tsallako da shi daga maƙwabta ba tare da an biya duwan ba. Akwai wanda aka yafe wa haraji domin ofisoshin jakadanci ko ƙungiyoyin duniya ko wani aikin gwamnati, wani ya zare ya kawo kasuwa. Wannan shi ne ɗan'uwan jan man Turawa na kusa. Na uku shi ne mai algus, wanda aka gauraya da kananzir. A Kamaru an bar kananzir a sefa 350 lokacin da gazuwal ke hawa, saboda talakawa masu fitila, sai marasa tsoron Allah suka mai da wannan tausayi hanyar cin riba.

Kowace ƙasa da sunan da take kiran wannan kasuwa. A Kano 'yan bumburutu, a Maraɗi 'yan ruwa-ruwa, a arewacin Kamaru zuwa-zuwa, a Binin kpayo. Ba mu ce duk mai sayar da mai a kwalba mugu ba ne. Da yawansu 'ya'yanmu ne masu neman na tuwo, kuma akwai garuruwan da in ba su ba, ko babur ba zai tashi ba. Amma kwalbar ɗan acaɓa daban, tankin motar da ke ɗauke da dukiyar mutum goma daban.

Alamar da ido ba ya gani

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, ƙasashen Afirka da dama sun ɗauki dabarar Turawa, har sun wuce matakin launi. Kamaru, wadda motocinmu ke ratsawa, tun farkon shekarun 2010 take ɗiga wani sinadari a cikin man da ya biya haraji kafin ya bar ma'ajiya. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ma'aikata su ɗebi mai a gidan mai ko a duro su sa a na'ura. In alamar ba ta nan, ko ta yi rauni saboda gauraye, magana ta ƙare. Gana ta fara irin wannan a 2013, kuma man da take sayar wa masunta da araha shuɗi ne, don kada a kai shi tashar mota. A Kenya hukumar makamashi kan buga sunayen gidajen man da aka kama a jaridu, kowa ya gani. Nijeriya kuwa a watan Nuwamba na 2019 ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da 'yan'uwanmu na Jibiya da Illela suka ɗanɗana.

Saboda haka direban da ya ɗaga kwalba ya duba a rana ya ce, "Alhaji, wannan mai garau yake," bai faɗi komai ba. Idonsa na iya gane ruwa ko datti, amma ba ya gane haraji.

Ga kuma dokar duwan ta ƙasashen CEMAC shida, wato Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Kongo da Gabon da Ikwatoriyal Gini. A laifin fasa-ƙwauri dokar ta ba da ikon ƙwace kayan, da kuma abin da ya ɗauko kayan, ban da tara. A lura da wannan: abin da ya ɗauko kayan, wato motar. Bisa al'adar kwastan a ƙasashe da yawa, man da ke cikin tankin mota na asali ba a ɗauke shi haja ba. Amma duro da jarkokin da aka ɗaure a sama ko aka cusa a ƙarƙashi, da ƙarin tankin da maƙeri ya liƙa, waɗannan kaya ne, kuma kaya sai da takarda.

Lissafin da ba a yi

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, a matsayin misali. A ce direba ya sami rangwamen sefa 200 a kowace lita, ya sha lita 300. Ribar ta kama jaka 60. Aljihun wa ta shiga? Na direba ko na mai mota, domin kuɗin da muka yi ciniki bai ragu ba. To yanzu a ce an tsare motar kwana biyu a shinge, da shanu talatin a ciki. Ba ruwa, ba ciyawa, ba filin saukewa. Duk wanda ya taɓa raka mota ya san abin da ke biyo baya: raunana su durƙusa, manya su tattake su, a fara neman wuƙa. Sa ɗaya ya faɗi, jaka sittin ɗin nan ta tafi har da ninkinta. Waɗanda suka tsira su iso kara a rame, mahauci ya zagaya su sau ɗaya ya karya farashi, ranar kasuwa kuma ta riga ta wuce. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama.

Ko ba a gamu da hukuma ba, man algus na da nasa hukunci. Kananzir ba shi da maiƙon da famfon mai ke bukata, sai ya cinye shi a hankali, motar ta mutu a dajin da ba makaniki, tsakanin Bosambele da Yaloke. Ga kuma haɗarin gobara, duro cike da mai a jikin motar da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, yaran mota na dafa shayi a gefe.

Akwai wata asarar kuma. Dukanmu muna kuka da yawan shingaye da kuɗin da ake karɓa ba rasit, kuma ƙungiya ba ta daina kai wannan kuka inda ya dace ba. Amma mai gaskiya ne ke da bakin gardama. Wanda takardun dabbobinsa suka cika, na likitan dabbobi da na fita da na haraji, zai iya tsayawa ya ce ba zan biya ba. Da zarar an ga duro uku marasa takarda a motarsa, bakinsa ya mutu, abin da aka yanka masa shi zai biya, yana godiya.

Shawarar ƙungiya

Na farko, a sa maganar mai cikin ciniki tun kafin a ɗora saniya ko ɗaya. A gaban shaidu, gaban sarkin tasha ko dillalin mota, a faɗa a fili: mai daga gidan mai, da rasit, kuma in an tsare mota saboda mai, asarar dabba tana wuyan mai mota. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, kowa ya sa hannu.

Na biyu, wanda zai raka shanu ya zagaya motar da kansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa. In akwai duro, ya tambayi takardarsa. In babu, a sauke shi a nan tasha, tun ana ganin juna.

Na uku, inda hanya ta yi nisa ba gidan mai, kamar wajen Kaga-Bandoro ko Bambari, dole a ɗauki guzuri. To, a saye shi a gidan mai sananne, a riƙe rasit mai kwanan wata da adadin lita, kuma kada ya wuce bukatar tafiya. Mai zuwa iyaka ya bayyana shi ga duwan da bakinsa kafin a gano shi.

Na huɗu, kada bafatake ya haɗa sana'a biyu a mota ɗaya. Mun san jarabar: mota ta kai shanu za ta dawo wayam, sai a ce bari a ɗoro 'yan jarkoki a rage kuɗin hanya. Mai son fataucin mai ya nemi lasisinsa. Sunan 'yan Kilomita Biyar ya sha wahala a shekarun rikici, da ƙyar ake farfaɗo da amana tsakaninmu da sauran jama'ar gari, kada kwaɗayin mutum ɗaya ya sa a riƙa kallon kowace motar shanu da zargi.

Na biyar, in tsautsayi ya faɗa, abin farko da za a roƙa shi ne izinin sauke dabbobi a shayar da su, ko a juye su a wata mota, domin shanu ba su ne kayan laifi ba. A nuna takardunsu, a aika wa shugabannin ƙungiya nan da nan, a nemi takardar kamu da rasit na duk abin da aka biya. Kada a yi zagi, kada a yi gudu.

Ga 'yan'uwanmu direbobi kuma, ba faɗa muke yi da ku ba. Mun san tsadar mai ta matse ku, taya da kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. In kuɗin mota bai isa man gaskiya ba, ku faɗa a wurin ciniki, a ƙara abin da ya sawwaƙa. Gara bafatake ya ƙara jaka ashirin a tasha yana sane, da ya yanka bijiminsa a bakin shinge.

Iyayenmu da suka koro shanu da ƙafa daga Cadi da Adamawa har bakin Ubangi ba su san tanki ba, amma ba sa shayar da garke a rijiyar da ba su san mai ita ba. Allah ya tsare mana dukiya, ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.