Akwatin da Ya Samu 'Yanci, da Tafintan da Ke Cikinsa

(Kiɗan buɗe shiri, sai a sassauta)

Yau za mu leƙa cikin wani akwati da yawancinmu ba ma waiwayarsa sai ranar da intanet ya ɗauke: ɗan akwatin nan mai eriya da 'yan fitilu masu ƙyaftawa, wato rauta, wanda ke raba Wi-Fi a gida, a shago ko a ɗakin kwanan ɗalibai. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

A ƙarshen shekarar 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da wani rauta mai launin shuɗi da baƙi, samfurin WRT54G. Ba a daɗe ba, a 2003, masu bin diddigi suka gano cewa manhajar da ke cikinsa a kan Linux aka gina ta. Shi kuwa Linux yana da sharaɗi a lasisinsa, wanda ake kira GPL: ka ɗauka kyauta, ka gyara yadda kake so, amma idan ka rarraba wa jama'a, dole ka bayyana rubutun manhajar kowa ya gani. Aka yi ta matsa wa kamfanin lamba, wanda a lokacin Cisco ya riga ya saye shi, har ya saki rubutun.

Daga wannan rubutu ne aka haifi OpenWrt a farkon 2004, sannan DD-WRT da Tomato suka biyo baya. Ma'anarsu a sauƙaƙe: ka sauke manhajar da kamfani ya ɗora wa akwatinka, ka ɗora wadda jama'a suka rubuta a fili. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano sun san irin wannan aiki, filashin ke nan, sai dai na rauta. Ribarsa ita ce akwatin da kamfani ya daina kula da shi ya ci gaba da samun gyaran tsaro, kuma mai shi ya yi iko da kayansa.

To amma 'yancin nan yana da iyaka, kuma iyakar ce maganarmu ta yau.

(Kiɗa kaɗan)

A cikin kowane rauta akwai wata 'yar ƙwayar lantarki, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Ita ce rediyon akwatin, ita ke aika saƙo ta iska, ita ke karɓa. Linux ba ya jin yarenta kai tsaye, sai da tafinta. Wannan tafinta shi masana ke kira direba. Idan babu shi, akwatin zai kunnu, fitilu za su kama, kebul zai yi aiki, amma iska shiru kake ji.

Lokacin da Linksys ya saki rubutunsa, bai haɗa da sirrin tafintan ba, domin ƙwayar ta kamfanin Broadcom ce, kuma direbanta a rufe yake. An ba ka gida, an riƙe makullin ɗaki ɗaya. Shi ya sa OpenWrt ta yi shekaru tana manne da tsohon Linux mai lamba 2.4 a kan irin waɗannan akwatuna, don rufaffen direban da shi ya saba. Wasu masu sa kai suka bi ta doguwar hanya: rukuni ɗaya ya yi nazarin yadda ƙwayar ke aiki ya rubuta bayani, wani rukuni dabam ya karanta bayanin ya rubuta sabon direba mai suna b43. Aiki ne na haƙuri, kamar haƙa rijiya da allura, kuma duk da haka bai kamo saurin sababbin ƙwayoyin ba. Har gobe, wanda ya ɗora OpenWrt a kan rauta mai ƙwayar Broadcom yakan tarar Wi-Fi ɗinsa ya raunana, ko ma babu shi gaba ɗaya.

Wani kamfanin kuma, Atheros, ya bi wata hanya. A 2008 ya saki direba buɗaɗɗe mai suna ath9k, wanda kowa zai iya karantawa ya gyara. Nan take ƙwayoyin Atheros suka zama abin nema ga masu wannan harka. Bayan Qualcomm ya sayi Atheros a 2011, direban ƙwayoyin da suka biyo baya, ath10k, ya zo a buɗe, amma sai an haɗa shi da wani rufaffen ɓangare da ake loda wa ƙwayar kanta. A yau mutane da yawa sun karkata ga MediaTek, saboda direban mt76 da Felix Fietkau, ɗaya daga cikin jiga-jigan OpenWrt, yake kula da shi. Ko rautan da OpenWrt ta fitar da sunanta a ƙarshen 2024, OpenWrt One, ƙwayar MediaTek ce a ciki.

(Kiɗa)

Yanzu mu sauko kan teburin aiki. A ce wani matashi ne mai shagon buga takardu kusa da jami'a, ya gama filashin rautansa da daddare. Ya ɗauko waya yana neman sunan Wi-Fi, babu. Ya kashe ya kunna, babu. Gumi ya fara keto masa, yana cewa a ransa shi ke nan na mayar da akwatin nan bulo.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Da gangan OpenWrt take zuwa da Wi-Fi a kashe, don kada iska ta buɗe babu kalmar sirri, kowane mai wucewa ya faɗo ciki. Nemi kebul, ka haɗa kwamfuta da akwatin, ka rubuta 192.168.1.1 a burauza. Shafin sarrafawa mai suna LuCI zai bayyana. Idan ka ga rediyon a jere a sashen Wi-Fi, to tafintanka yana nan, barci kawai yake yi. Idan wurin wayam yake, a nan ne ake zargin direba.

Kafin ka kunna, abu uku. Na farko, faɗa wa akwatin ƙasar da yake: NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Gana. Iska tana da doka, kowace ƙasa da tashoshin da ta halatta da ƙarfin da ta yarda a watsa. Na biyu, zaɓi tasha. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango ya ji tashoshi biyu suna hawa kan juna ya san matsalar. Wi-Fi ma yana da zangon 2.4 da zangon 5. A zangon 2.4, tasha ta 1 da ta 6 da ta 11 ne ba sa taka juna; duba inda maƙwabta suka yi cunkoso, ka kauce. Zangon 5 ya fi sauri amma bangon siminti yana karya shi, kuma a wasu tashoshinsa akwatin zai yi shiru na kamar minti ɗaya yana sauraron ko akwai na'urar radar a kusa kafin ya fara watsawa. Wannan shirun ba lalacewa ba ce, ladabi ne. Na uku, kulle ƙofarka da WPA2 ko WPA3, da kalmar sirri mai tsawo, ba lambar wayarka ba.

(Kiɗa kaɗan)

Sai babban darasi, wanda ya kamata ya zo tun kafin a ciro kuɗi daga aljihu. Juya akwatin ka karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasansa. Sunan samfuri kaɗai ba ya isa, duba lambar fitowa. TP-Link Archer C7 misali ne: fitowa ta biyu ta yi suna a wajen masu OpenWrt, amma ta farko direban ath10k ba ya jin yaren ƙwayarta ta zangon 5. Kwali iri ɗaya, suna ɗaya, ciki dabam. Shi kansa WRT54G, da aka kai fitowa ta biyar an rage masa ma'aji, an sauya masa manhaja. OpenWrt tana da jerin akwatunan da take ɗauka a shafinta. Kwatanta lambarka da shi. Ka kuma guji tsofaffi masu ma'ajin megabait 4 da ƙwaƙwalwar megabait 32, an daina fitar musu da sabuwar OpenWrt.

Saboda haka idan mai shago ya ce maka, Alhaji wannan eriya huɗu gare shi, sai ka yi murmushi ka tambaye shi: wace ƙwaya ce a ciki? In bai sani ba, karɓi akwatin, ka juya shi da kanka.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)