Zauren da ke Cikin Wayar Salula: Bayani kan Ma'adanar Tarayya

Duk wanda ya taɓa bi ta PZ a Sabon Garin Zariya, wato wurin da ya samo sunansa daga tsohon kamfanin ciniki na Paterson Zochonis, ya san yadda bankuna da shagunan wayar salula suka cika shi. Ɗalibi kan taso daga Samaru ya miƙa wayarsa ga mai gyara ya bar ta yini guda, alhali a cikinta akwai manhajar bankinsa da zanen yatsan da yake buɗe ta da shi. Me ya hana mai gyaran, ko wata muguwar manhaja da aka saka, kwashe wannan sirri? Amsar tana cikin yadda aka raba wayar gida biyu.

Ƙwaƙwalwar akasarin wayoyin zamani an gina ta ne bisa tsarin kamfanin ARM na ƙasar Ingila. A wajajen 2004 kamfanin ya fito da wata fasaha mai suna TrustZone, wadda ke sa ƙwaƙwalwa guda ta yi aiki a duniyoyi biyu. A duniya ta farko ne Android take, tare da WhatsApp da sauran manhajojin yau da kullum. Mai kula da wannan sashe ita ce cibiyar babbar manhaja, wadda a wayoyin Android ita ce Linux, da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Duniya ta biyu kuwa ita ce amintaccen muhalli, inda wata ƙaramar manhaja ke riƙe da mabuɗan sirri, take kuma tantance zanen yatsa. Tun daga Android 6 ta 2015 aka wajabta cewa a can ne za a riƙa wannan tantancewa. Ko cibiyar Linux kanta ba ta da ikon leƙa abin da ke ciki.

Tsarin gidan Bahaushe ya isa misali. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida, iyakarsa zaure. A nan yake ajiye saƙonsa, a nan kuma ake fito masa da amsa. Haka duniyoyin nan biyu suke bukatar wani fili da kowannensu ke iya taɓawa, kuma shi ake kira ma'adanar tarayya. Ya kamata mai koyarwa ya lura a nan cewa ba katin nan da 'yan kasuwa ke kira memori ake nufi ba. Ana nufin ma'adanar wucin gadi da waya ke aiki da ita lokacin da take kunne, wadda ake cewa ram.

Da farko zauren ƙayyadadde ne. Da zarar an kunna na'ura sai a yanke wani yanki na ma'adana a keɓe shi, a wasu na'urori bai wuce megabait 2 ba. Duk manhajar da ke son magana da amintaccen muhalli dole ta kwafi bayananta ta kai can, sannan ta kwaso amsa. Illar wannan a fili take. Idan saƙo ya fi zaure girma, aiki ya tsaya. Idan babu saƙo, filin yana nan a banza ba mai amfana da shi. Kwafe-kwafen kuma na cin lokaci da batir.

Gyaran da aka kawo shi ne ma'adanar tarayya mai sauyawa. An shigar da sashen kula da amintaccen muhalli cikin Linux a 2017, tare da OP-TEE, manhajar da aka buɗe wa kowa a 2014 ƙarƙashin ƙungiyar Linaro. A 2018, cikin Linux 4.16, aka ƙara mata wannan sabon tsari. Maimakon zaure guda, sai manhaja ta nuna inda bayananta suke, a yi wa wurin rajista a matsayin zaure na ɗan lokaci. Ita ma'adana a rarrabe take zuwa shafuka, galibi kowanne bait 4096, kuma shafukan manhaja ɗaya kan warwatsu nan da can. Don haka cibiyar Linux ke tsara jerin adireshinsu ta miƙa wa amintaccen muhalli. Kafin ta miƙa sai ta kafe shafukan, domin kada a ɗauke su a ba wata manhaja ana tsakiyar aiki. Idan an gama, a soke rajistar, fili ya koma hannun mai shi. Ba kowace waya da ke kan kanta a PZ ke amfani da OP-TEE ba, domin kamfanoni irin su Qualcomm da Samsung suna da nasu, sai dai matsalar zauren ɗaya ce ga kowa.

Sauƙin nan ya zo da haɗarinsa, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Tunda yanzu baƙo ne ke nuna wurin ganawa, yana iya yin wayo ya ba da adireshin da ke cikin gida, ya sa maigida ya rubuta a kan sirrinsa da hannunsa. Saboda haka amintaccen muhalli ba ya karɓar jerin shafuka sai ya tabbatar babu ko ɗaya da ya faɗa cikin yankinsa. Haɗari na biyu ya fi wannan dabara. Baƙo na iya ajiye saƙo mai kyau, a duba a amince, sannan ya musanya shi kafin a yi aiki da shi, domin har yanzu hannunsa na kaiwa wurin. Maganinsa shi ne a kwafi duk wani bayani mai muhimmanci zuwa cikin gida tukuna, a duba shi a can. Ke nan ba a rabu da kwafi gaba ɗaya ba; an dai rage shi zuwa inda ya zama tilas.

Duk wannan tsaro yana da iyaka. Ɗalibin da ya rubuta wa mai gyara lambar buɗe wayarsa a takarda, mabuɗan sirrinsa ba za su fita daga wayar ba, amma wayar za ta ɗauki mai riƙe da lambar a matsayin mai ita, har ta ba shi damar saka nasa zanen yatsan.