Cire mahaifa ta ƙananan kafofi: jikin mace ne ke zaɓen hanya

Tun daga 1988, lokacin da likita Harry Reich na jihar Pensilbaniya ta Amurka ya cire ma wata mace mahaifa ba tare da ya tsage cikinta ba, wannan salon fiɗa ya bazu cikin duniya. Likitocin da suka yi karatu da faransanci na kiran shi seliyoskopi. Ana huda kafa uku ko huɗu a fatar ciki, kowace ba ta wuce santimita ɗaya ba, a hura iska don ciki ya buɗe, a zura madubi ta cibiya, likita na kallon talabijin yana aiki da dogayen almakasai. Galibi ta gaban mace ake fiddo mahaifar.

Amfanin shi a fili yake. Maimakon kwana huɗu ko biyar a asibiti, mace kan yi kwana ɗaya ko biyu. Zafi kaɗan ne, miki ba ya yawan ruɓa, kuma ma'aikaciya ko ƴar kasuwa na iya komawa bakin aikinta bayan mako uku zuwa huɗu, alhali wadda aka tsage sai ta kusan shida. Shi ya sa magidanci mai hali, da an ce za a yi ma iyalinshi aiki, sai ya ce lalle sabuwar hanya yake so, ko nawa za ta ci.

Sai dai mai karatu ya sani, ƙanƙantar kafa ba ta rage girman aikin da ake yi a ciki. Abu na farko da likita ke dubawa shi ne girman mahaifa. Lafiyayyar mahaifa ba ta cika kai giram 100 ba, amma ƙarin da ake kira fibrom na iya kai ta kilo ɗaya ko fiye. Wannan ciwo ya fi yawa ga mata baƙar fata, ya kuma fi kama su da wuri. In aka yi jinkiri har ƙari ya cika ciki, madubi ba ya samun wurin gani, jini ya fi zuba, aikin kuma ya daɗe.

Na biyu shi ne tsohon tabo. Macen da aka taɓa fiɗa wajen haihuwa, ko ta yi fama da ciwon mara mai tsanani, sau da yawa mafitsara ko hanji kan manne da mahaifarta. A nan ne hatsari mafi muni yake: a ji ma mafitsara rauni, ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. In ba a gano nan take ba, ƙarshen shi na iya zama yoyon fitsari, ciwon da matan ƙasar nan suka san wahalar shi.

Akwai kuma ƙarfin jiki. Ana kwantar da mace kai ƙasa ƙafafu sama, ga iska na danne huhu, saboda haka mai ciwon zuciya ko na numfashi na buƙatar bincike sosai. Ƙarancin jini, hawan jini da ciwon sukari, duk sai an daidaita su kafin ranar aiki. Ƙiba na wahalar da likita, amma sau da yawa mai ƙiba ce ta fi cin ribar ƙaramar kafa, domin dogon miki a cikin kitse ba ya saurin warkewa.

Bincike biyu sun ja hankalin likitoci. Wanda aka buga a Ingila cikin 2004 ya samu babbar matsala ga kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi ma aiki da madubi, da kashi 6 ga waɗanda aka tsage, ko da yake an lissafa har da matan da aka koma aka buɗe ma ciki ana tsakiyar aiki. Na 2018, a kan mata 631 masu ciwon dajin bakin mahaifa da bai yi nisa ba, ya nuna bayan shekara huɗu da rabi kashi 86 ne ciwon bai dawo ma ba cikin masu ƙaramar kafa, amma kashi 96 da rabi cikin waɗanda aka tsage. Tun daga nan, ga wannan ciwo, likitoci da dama suka koma tsohuwar hanya.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Mace ta faɗa ma likita duk aikin da aka taɓa yi mata da duk maganin da take sha, har na gargajiya. Ita da mijinta su tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aiki, ko an tanadi jini, kuma su yarda tun farko da cewa in abu ya rikice zai buɗe ciki, domin wannan ceton rai ne. Bayan an koma gida, zazzaɓi, kumburin ciki, zubar jini ko ɗigar fitsari ba abin a jira wayewar gari ba ne. Miji kuma ya yi haƙuri da shimfiɗa aƙalla mako shida, har likita ya tabbatar ɗinkin ciki ya kama.